Shawarwari Ga Wanda Ya Sayi Akwatin Kifin Ado, Tun Kifayen Ba Su Ƙare Ba

Ba zan ɓata maka lokaci da bayanin inda ake sayen akwatin gilashi ba. Ka riga ka saya, ga shi nan a falo, yara sun kewaye shi, wataƙila ma yau da safe ka tsamo kifi na farko da ludayi, ciki sama. Mu da muka ga wannan rana mun san zafinta.

Na ɗaya, auna ruwanka kafin ka ƙirga kifi. Tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, ka raba da 1,000, lita ke nan. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 yake ci, in ka cire tsakuwa da duwatsu da ratar da ka bari a sama, abin da ya rage bai cika jarka biyu ta mai ruwa ba. A cikin wannan ɗan ruwan kifi zai ci, ya shaƙi iska, ya yi kashi. Idonka zai ce talatin ma za su shiga. Ruwan kuwa takwas zuwa goma yake ɗauka, su ma ƙanana waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Za ka ji wani lissafi na 'yan Amurka wai inci ɗaya na kifi a kowane galan. Ga ƙananan kifi yana ɗan aiki, amma kifi ɗaya mai inci goma ya ninka goma masu inci ɗai-ɗai nauyi da ƙazanta sau da yawa.

Na biyu, haƙuri. Kashin kifi da numfashinsa suna zuba amoniya a ruwa, guba ce, kuma ba ta da launi, ruwan yana nan garau yana kisa. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zama a soson filta su mayar da ita naitarait, shi ma guba, wasu kuma su mayar da shi naitaret mai sauƙin illa, wanda kai za ka rage da canjin rubu'in ruwan duk mako. Kafin ƙwayoyin nan su kafu sai mako 4 zuwa 6. Shi ya sa ake zuba kifi kaɗan-kaɗan. Ruwan famfo a sa masa maganin kulorin tukuna. Sannan ka tara mutanen gida ka roƙe su kada mai son tsafta ya wanke soson nan da sabulu. A ruwan da ka kwasa daga akwatin ake ɗauraye shi.

Na uku, mai sayarwa. Nan ne zuciyata take tafasa. Ka nuna kifi biyu ka ce, "Malam, waɗannan za su zauna tare?" Ko ɗagowa ba zai yi ba: "Alhaji, duk zaman lafiya suke, ba ka gan su tare ba?" Na gan su. Jarirai ne, kuma jiya suka iso. Wancan mai ɗigon ja da manyan idanu, oska, daga kogin Amazon asalinsa yake, yana kai santimita 30, kuma duk abin da ya wuce gabansa abinci ne. Wancan baƙin da ke manne da gilashi, wanda ake ce maka "mai shara ne, shi zai share maka akwati", nau'in da aka fi sayarwa yana kai santimita 30 har ya wuce, kashin da yake yi kuma ya fi abin da yake sharewa. Kifin zinariya da ake ɗura wa yara a zagayayyar kwalba, mutanen Sin sun fi shekara 1,000 suna kiwonsa a tafkuna. Yana wuce santimita 20, yana haura shekara 10 in ya sami wuri, kuma ruwa mai ɗan sanyi yake so, alhali sauran da za a haɗa maka da shi 'yan ƙasashen zafi ne masu son digiri 24 zuwa 27. Duk wannan mai shago ya sani, ko ya kamata ya sani. Wallahi ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Yaro ya raɗa wa kifi suna da yamma, da safe kai ne za ka tsaya gabansa kana neman abin faɗi. Tambaya ɗaya za ka yi wa mai shagon ka tsare shi da ido: in kifin ya girma, ina zai kai? In ya fara kame-kame, mayar da kuɗinka aljihu.

Na huɗu gajere ne. Duk kifin da zai shiga bakin wani, to zai shiga.

Na biyar, hali. Beta ɗan ƙasar Tailan ne, namijinsa ba ya haɗa ruwa da wani namiji, sai ɗaya ya kwanta. Taiga bab mai ratsi-ratsi, ɗan Indonesiya, sana'arsa yagar jelar duk mai doguwar jela, in ka haɗa shi da beta ko gufi, cikin kwanaki za ka ga tsumma na iyo. Niyon tetira kuwa ɗan ayari ne, in ba su kai shida ba sai su laɓe bayan dutse, launinsu ya dushe. Saboda haka "ba ni ɗaya-ɗaya daga kowane kala" ita ce hanya mafi sauri ta tara maƙiya a ɗaki guda.

Na shida... a'a, bari in ajiye ƙidayar nan in yi maganar kawuna.

Ya zo gaisuwa ina wurin aiki. Ya dubi akwatin ya girgiza kai, ya ce wa uwargida, "Yanzu waɗannan ƙwarin yaron nan yake ciyarwa? Ko miya ba za su yi ba." Washegari ya aiko almajiri da leda, a ciki ɗan tarwaɗa, da saƙon a zuba mini shi in ga kifi na gaske. Wa zai mayar da kyautar kawu? Aka zuba. Duk mai kiwon tarwaɗa zai gaya maka dalilin da ya sa suke ware manya da ƙanana a tafki: tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, balle baƙo. Da dare take farauta, tana iya wuce mita guda, tana shaƙar iska daga sama, don haka ko ruwan ya lalace kowa ya mutu ita tana nan. Kafin in samo robar da zan mayar da ita, ayarin tetirana ya zama tarihi. Da na je na yi masa bayani cikin ladabi, sai ya ce, "Ka gani ko? Ai na ce maka wannan ne kifi." Ya ƙara da cewa akwai karfasa a hanya. Karfasa kuma tona ƙasa take yi, ta tumɓuke duk shukar da ka dasa, ta kori kowa daga kusurwar da ta zaɓa.

Sai gufi. Ba ya faɗa da kowa, haihuwa ce matsalarsa. Macen ba ƙwai take zubawa ba, 'ya'ya take haifa, kusan duk wata, ashirin ko fiye, kuma tana ajiye maniyyin namiji ta ci gaba da haihuwa ko an raba su. Lissafin da ka yi a na ɗaya ya rushe ke nan. Sayi maza zalla.

Da na so in yi bayanin shuke-shuken ruwa, amma an ɗauke wuta, famfon iska ya tsaya, ga zafin Afrilu. Ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi, akwatin da aka cunkusa kamar motar haya ranar kasuwa shi ne farkon wanda za ka ga kifayensa sun taso sama suna haki. Wanda ya bar sarari shi ke tsallake irin wannan dare. Nemi ɗan famfo mai batir, ka ɗauke akwatin daga jikin taga, ka ɓoye gwangwanin abincin inda yara ba sa kaiwa, domin abin da kifi zai cinye cikin minti 2 ya ishe shi, kuma ba ya cin tuwo, kowa ya ji.

'Yan'uwa da abokan arziki masu zuwa gidajenmu, don girman Allah, in kun ga akwatin kifi da sauran fili a ciki, ba talauci ne ya hana a cika shi ba. Ku zo da goro, ku zo da lemo, ku bar mana kifin a inda kuka gan shi.