Ɗan Karkaren Ƙanƙara

Bari in fara da tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni: ban iya kiɗa ba. Ko tafi na yi a wurin biki, sai wanda ke kusa da ni ya waiwayo ya ga ko lafiya. Amma duk da haka, a da, a bangon ɗakin baƙina da ke Katsina akwai abin kiɗa mai tsirkiya har guda goma sha huɗu. Akwai goge mai tsirkiyar izgar doki, da ƙanwarsa kukuma, da gurmi irin wanda ake yi wa 'yan kokawa, da molo mai tsirkiya uku, da kuntigi na gwangwanin kifi irin wanda Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi. A tsakiyarsu kuma sarauniya, wata jan jita mai tsirkiya shida da na saya hannu a Sabon Garin Kano.

Duk baƙon da ya shigo sai in tashi in yi masa lacca. In gaya masa cewa masana suna ganin banjon da ake kaɗawa a Amurka jikan irin waɗannan kayan namu ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da iliminsa a ka. Idan baƙon ya ce in ɗan taɓa masa, sai in dubi agogo in ce lokacin salla ya gabato. Uwargida kuwa ta daɗe da yanke hukunci. Ta ce, "Malam, ɓerayen gidan nan sun fi ka morar kayan nan. Su ko ba komai suna cin fatar."

Abu ɗaya ya rage mini, garaya ta ainihi. Ba irin ta masu sayar wa Turawa tsaraba ba, wadda ta sha hayaƙi da gumin mafarauta nake nema. A kakar 2011 wani abokin aikina ɗan Funtuwa ya ce mini akwai wani tsohon hedimasta a Sabuwa mai irin cutata, kuma yana da garayar wani Sarkin Baka da ya rasu tuntuni. Ya ba ni lambarsa. Muka gaisa a waya kamar mun yi shekara talatin da sanin juna. Ya ce ya daɗe yana son ya riƙe jita a hannunsa, in na kawo tawa ma iya yin musaya. Can wajen sallama ya ce, "In ka zo sai mu ɗan taɓa, mu tuna da."

Nan ne Shaiɗan ya ari bakina. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni in na fara sai an roƙe ni in daina." Ko a gaban alƙali wannan magana gaskiya ce, sai dai ba yadda ya fahimce ta ba.

Na kama hanya da sassafe a tsohuwar motata, wadda yaran unguwa ke kira Hajiya saboda ba ta tashi sai an lallashe ta. Na kwantar da jita a kujerar baya. Wanda bai bi kudancin Katsina da kaka ba bai san arzikin jihar nan ba. Daga wuce Dutsin-ma zuwa Ƙanƙara, dawa ta sunkuyar da kai, an tsayar da karan masara bukka-bukka, gefen kwalta kuma ya zama wurin shanya: nan barkono ja wur, can masara, gaba wake. Direba sai ya riƙa tuƙi kamar mai bin layin sahu, kada ya taka abincin mutane. Hazo ya fara ɗan saukowa, iska tana ƙanshin sabon hatsi da hayaƙin gasa masara.

A Ƙanƙara, garin farar ƙasa, na tsaya wurin mai shayi. Kuskurena ɗaya, na bar gilashin baya a buɗe. Kafin a haɗa mini kauri, yara sun kewaye mota suna ihu, "Ga mawaƙi! Ga mawaƙi!" Ka san kaka lokacin kuɗi ne da aure da dambe, kowa kunnensa a buɗe yake. Nan take benci ya cika. Wani dattijo mai ƙaton rawani ya ce, "Malam, daga ina? Ko kana cikin yaran Shata ne?" Na ce a'a, ai marigayi Shata kalangu ake yi masa, ni harkar tsirkiya nake. Ya ce to madalla, a jiyar da su harkar tsirkiyar.

Na ɗauko jita, na juya ta, na ƙura mata ido irin na likita, na girgiza kai. Na ce ƙaramar tsirkiyar ta saki, in aka matsa za ta tsinke, ga shi babu inda ake sayar da irinta sai Kano. Wani yaro mai gyaran keke ya ce, "Wannan ai ba matsala ba ce, Alhaji." Ya ruga ya dawo da wayar birki, ya fara warware silinta. Ban isa in ce ba ta yi ba, domin ni da bakina na sha gaya wa baƙi cewa Mdou Moctar na Nijar da wayar keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Da na ga ramin ƙarya ya ƙure, sai na haƙa sabo. Na ɗaga manunin hannun hagu, na yamutsa fuska, na ce, "Wallahi da na yi muku, to ɗan karkare ne ya kama ni, kwana uku ban runtsa ba." Wurin ya yi tsit, sannan tausayi ya ɓarke. Kowa da maganinsa. Wani ya ce kanwa, wani ya ce man birki, wani ya ce a kira wanzami ya tsaga tun bai nuna ba. Da na ji an ambaci wanzami sai na ce ai da sauƙi. Mai shayi ya yanke gardama: ya ɗauko lemon tsami, ya huda shi da wuƙa, ya kama yatsana lafiyayye ya cusa a ciki, ya ɗaure da tsumma. Ya ce kada in cire sai gobe war haka. Dattijon nan ya yi mini addu'a, aka shafa. Ko kuɗin shayin ba a karɓa ba. Haka na bar Ƙanƙara, ina tuƙi da lemo a yatsa, mutum wajen ashirin suna ɗaga mini hannu suna Allah ya ƙara sauƙi.

Na ɗauka na tsira, ashe Hajiya ta ji duk abin da ya faru, kuma ba ta goyon bayan ƙarya. Muna dab da Sheme, a ƙasar Faskari, inda hanyarmu ke haɗuwa da babban titin Funtuwa zuwa Gusau, sai na ji ƙara a ƙarƙashina kamar ana jan garwa. Salansa ce ta sauko tana sharar kwalta. Wani mai babur ya ɗauko mini bakanike, saurayi siriri da sifana biyu a aljihu. Ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce maɗaurin ya karye, waya yake so mai ƙarfi. Aka duba but, babu. Aka duba gefen hanya, babu. Sai idonsa ya faɗa kujerar baya.

Na ce, "Kai, ka san ko nawa na sayi wannan?" Ya ce, "Alhaji, ko dai ta yi waƙa ko mota ta yi tafiya, zaɓi ɗaya." Ya dubi lemon da ke yatsana ya ƙara da cewa, "Kuma na ga kai ma ba yau za ka kaɗa ba." Ya kwance babbar tsirkiya, mai kaurin nan, ya ɗaure salansa. Ya ce ɗaya ba ta isa, ya ƙara ta biyu. Da ya gama ya ɗan fizgi wayar da yatsa don ya gwada ƙarfinta, ta ce "dummm". Tun da na sayi jitar nan, wannan ne sauti mafi daɗi da ya taɓa fita daga jikinta, kuma a ƙarƙashin mota ya fita.

Muka lallaɓa muka wuce Mairuwa, inda dam ɗin da ke shayar da Funtuwa yake, gonakin auduga sun yi fari fat kamar an shanya likkafani. Auduga da gyaɗar wannan yanki ne suka sa Turawa suka ja layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Na ratsa Funtuwa, garin da Shata ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999, na sunkuyar da kai don kunya, na karkata zuwa Ɗandume. A nan manyan motoci sun yi layi ana loda masu buhunan masara, 'yan dako suna gudu da buhu a ka kamar ba nauyi. Ban tsaya ba. Na riga na koyi darasi game da tsayawa.

La'asar sakaliya na shiga Sabuwa, can gefen jiha inda ake jin ƙanshin dajin Birnin Gwari. Duk hanya ina ta tsara yadda zan yi da hedimasta, har na fara gode wa mai shayi a zuciyata, domin ya ba ni hujja mai ganuwa. Yaro ya kai ni ƙofar gida, na yi sallama. Dattijo ya fito, dogo, da farar hula da tabarau. Na miƙa masa hannun dama, na ɗaga na hagu yadda lemon zai fito sosai. Shi kuma ya miƙo na hagu, yana ba da haƙuri, domin babban yatsansa na dama yana naɗe cikin farin tsumma, ƙato kamar kan tabarya.

Muka tsaya muna kallon juna. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya samu hannun?" Ya ce, "Ɗan karkare, Malam. Kwana uku ban runtsa ba." Ya dubi lemona ya ce, "Kai fa?" Na ce, "Shi ne." Ya ce, "Ikon Allah, bana abin yawo yake."

Muka shiga zaure muna yi wa juna sannu. Nasa kayan sun fi nawa, goma sha tara na ƙirga. Ya sauko da garayar: kwamin itace ne da aka rufe da fata, ta yi baƙi don tsufa, tsirkiya biyu, da 'yan zobban ƙarfe a kan sandar masu kaɗawa in an taɓa. Ya yi mini lacca a kanta, yadda mafarauta ke jin ta kafin su shiga daji, da yadda 'yan bori suka ɗauke ta daga baya. Na rama masa da laccar banjo. Ya ce kaico, da ba don yatsa ba. Na ce wallahi ni ma. Muka yi awa guda muna jimamin waƙoƙin da duniya ta yi asara a wannan yammaci.

Aka kawo tuwon masara sabuwa da miyar kuɓewa ɗanya. Ni da na yi wa hannun hagu sharri, lafiya lau na zura na dama. Hedimasta kuwa ya yi ta fama da cokali, tuwo yana zamewa, miya tana ja. A loma ta huɗu ya ajiye cokalin, ya yi tsaki, ya warware tsumman nan gaba ɗaya. Yatsa sumul, ko cizon sauro babu. Ya ce, "Malam, shekara talatin da biyar ina bulalar yara a kan ƙarya, ba zan kwana da yunwa saboda ita ba. Ban iya ba. Ko kaɗan." Na zare lemona na ajiye a gefen akushi. Yatsan ya yi fari ya tattare kamar na wanda ya kwana a rijiya. Muka yi dariya har maigidan ya sarƙe, aka kawo ruwa.

Duk wannan abu a kan idon wani tsoho aka yi shi, wanda ya kawo wa hedimasta masara daga gona a kan jaki, yana zaune bakin ƙofa yana cin nasa tuwon. Ya suɗe hannu ya ce, "Malam, a ba ni in gani." Ya karɓi garayar, ya matsa ɗaurin tsirkiya da haƙori da yatsa, ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan guntun busasshen ƙirgi, ya fara. Ban san sunan kiɗan ba, kuma ban tambaya ba. Na dai ga zauren ya cika kafin a kira magariba, mata suna leƙe ta bayan zana, wani tsoho da ya shigo da sanda ya manta da ita ya miƙe yana kirari. Gashin jikina ya tashi. Hedimasta ya cire tabarau yana goge ido.

Da ya gama na ce, "Baba, a ina ka koya?" Ya ce wurin ubansa, suna bin farauta tun yana yaro. Hedimasta ya ce, "Shekara nawa kana shigowa gidan nan, ba ka taɓa faɗa mini ba?" Tsoho ya ce, "Ai ba ka taɓa tambaya ba, Malam. Kullum na shigo kai ke bayani." Ya shafa fatar garayar ya ce, "Abin nan kamar doki ne. In an ɗaure shi ana kallo, ba ya mutuwa, amma ba doki ba ne kuma."

Musaya dai ba ta yiwu ba. Hedimasta ya ce garaya ta sami mai ita, kuma a gabana ya miƙa wa tsohon. Ni kuma na bar masa jita mai tsirkiya huɗu, na gaya masa sauran biyun suna ƙarƙashin Hajiya in yana so ya leƙa. Ya sa aka ɗora mini buhun masara a but. Da na isa gida washegari uwargida ta dubi buhun, ta dubi bango inda jita take da, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai kiɗanka ya kawo abinci gida."

Yanzu hanyar nan ba ta biyuwa yadda na bi ta, gilashi a buɗe, ana tsayawa duk inda aka ga hayaƙin shayi. 'Yan bindiga sun addabi Faskari da Sabuwa, a Ƙanƙara kuma duniya ta ji labarin ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makaranta a Disambar 2020. Kullum aka ambaci garuruwan nan a rediyo, ni mai shayin nan nake tunawa, da dattijon da ya ɗaga hannu ya roƙa wa lafiyayyen yatsana sauƙi. Allah ya dawo masu da zaman lafiya, ya ba ni ikon komawa in biya kuɗin shayi, in kuma faɗi gaskiya. Kayan bango saura tara, sauran na raba wa waɗanda suka iya. Kuntigi kaɗai na riƙe ina koyo, tunda tsirkiyarsa ɗaya ce. Kuma maganata ta tabbata: in na fara, sai an roƙe ni in daina.