Ranar da Aka Yi Zaman Makokin Kunkuru a Dakoro

A Amurka akwai mutanen da ke kiwon ƙaguwa a cikin ɗakin kwanansu. Ba don miya ba ne, sha'awa ce kawai, irin ta yaro da tantabara. Ita wannan ƙaguwa 'yar aron gida ce. Gabanta sulke, bayanta kuwa tsoka ce mai laushi tuɓus, shi ya sa take neman katantanwar da dodon koɗi ya mutu ya bari, ta shige da baya ta yi zamanta, ba kuɗin haya ba na gode. Yawancin waɗanda ake sayarwa daga yankin Karebiyan aka kamo su, kuma in sun samu kulawa suna iya wuce shekara 30.

In sun samu kulawa ke nan. Domin ita ƙaguwa tana da wata ɗabi'a da ke rikita mai ita. Duk bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi sulken yakan matse ta, sai ta yi saɓa kamar maciji. Takan tona yashi ta binne kanta, sati huɗu, sati takwas, manya ma su zarce haka. In kuwa yashin bai yi zurfi ba ta yi saɓar a sarari, abin da mai ita zai tarar da safe shi ne ƙafafu sun zubo daga bakin katantanwa, ko motsi babu. Sai kuka, sai a naɗe a takarda a kai bola. Alhali tsohuwar riga ce aka gani, fanko, mai rigar tana can ƙurya tsirara tana jiran sabuwar ta yi ƙwari. Tsohuwar ma ba ta yarwa, cinye abinta take yi don ta samu abin gina sabon sulke. Waɗanda suka daɗe a harkar shawararsu ɗaya ce: kada a tona, kada a girgiza, a kai hanci. Ƙaguwar da ta mutu wari take yi kamar kifin da ya kwana uku a rana. In babu wari, a ƙyale ta.

Tsakanin Dakoro da teku akwai sama da kilomita 800, don haka mutumin Dakoro zai ji wannan labari ya yi dariya, ya ce Nasara dai bai rasa abin yi ba. To, kada ya yi saurin dariya. A bayan ɗakin Alhaji akwai kunkuru.

Kunkurun Sahel ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne na uku a girma a duk duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma babban namiji yakan haura kilo 50. Tun daga Sanagal har Habasha ake samunsa, kodayake ya yi ƙaranci a daji har ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a 2021. Masu hali sun daɗe suna ajiye shi a gida, wasu don yara, wasu don abin da ba su faɗa. Shi kuwa dabararsa ta tsira daga bazara tsohuwa ce. Da zafi ya haura digiri 40, kamar yadda yake yi a Dakoro a watan Afrilu da Mayu, sai ya tona rami mai tsawon mita da yawa, ya shige inda ƙasa ke da ɗan sanyi, ya rage ci, ya rage numfashi, ya jira damina.

A ɗauki gidan wani Alhaji a garin, wanda ba za a faɗi sunansa ba don har yanzu bai huce ba. Kwana tara aka yi ba a ga kunkuru ya zo wurin ɓawon kankana ba. Aka sa almajiri ya zura hannu a rami, aka jawo shi da ƙafar baya, aka ajiye shi a tsakar gida. Kai a ciki, ƙafafu a ciki, ido a rufe.

Hajiya ce ta fara yanke hukunci daga bakin madafa.

"Alhaji, wanga abu ya cika. Ni tun shekaranjiya jikina ya ba ni."

Kafin Alhaji ya buɗe baki, fadar ƙofar gida ta tashi da butar shayinta ta shigo. Nan take aka samu likitoci bakwai. Wani ya ƙwanƙwasa bayan kunkuru da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Wani ya ce a watsa masa ruwan randa. Wani ya ce a kifar da shi, in yana da rai zai yi zillo, abin da shi ne ma zai iya kashe shi, domin kunkurun da aka kifar kayan cikinsa danne huhunsa suke yi. Aka aika a kira malamin lakwal na maƙwabta, tunda shi ne ya yi boko. Sai ga Mushe ya zo duba ko an yi mushe. Ya gyara tabarau, ya zagaya sau biyu, ya yi Faransanci mai tsawo, a ƙarshe ya ce lamarin yana buƙatar bincike. Shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya a wurin, shi ya sa ba wanda ya saurare shi.

Adalci dai a ce wannan gaggawa ba daga sama ta faɗo ba. Dakoro, kilomita 120 arewa da Maradi, a bakin kwarin Tarka take, inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara. Garin dabbobi ne. A wurin makiyayi tambayar "ta mutu ko da saura?" tambayar kuɗi ce. Ragon da ya kwanta yana shure-shure, in aka riga rai da wuƙa nama ne, in aka makara da minti guda ya zama na angulu. Waɗanda suka ga farin 1984 da na 2010 sun san yadda ake gudu da wuƙa daga saniya zuwa saniya. Ga kuma zafi, ga sunnar gaggauta jana'iza. Duk wannan daidai ne a muhallinsa. Matsalar ita ce hannun da ya saba da saurin wuƙa yanzu an damƙa masa salula.

Ɗan autan gidan ne ya ɗauki hoto. Kafin a sauke shayi na biyu, hoton kunkuru ya shiga WhatsApp na dangi da rubutu a ƙasa: "An yi mana rashi a gida." Hoton bai buɗe a wayar kowa ba, saboda intanet ɗin Dakoro ita ma takan shiga rami da bazara. Rubutun ne kawai ya isa. Ƙanwar Alhaji da ke aure a Kornaka ta fasa kuka ta nemi kabu-kabu. Wani ɗan'uwa a Agadas ya turo saƙon murya na minti shida yana yabon halin mamacin, ya ce mutum ne mai haƙuri, ba ya shiga harkar kowa, kullum yana gida. Bai san wanda ya mutu ba, amma bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Daga Libiya wani ya tambaya yaushe ne sadakar uku. Mutum goma sha ɗaya suka tura labarin gaba, babu ɗaya da ya kira Alhaji ya ce, "Wai wa ya rasu?" Tambaya tana cin lokaci, kuma kafin ka gama wani ya riga ka sanarwa.

A nan ne ciwon yake. Sanar da mutuwa ya zama tsere. Da can sai an aiko mutum takanas, ya zauna, ya gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye da "jikin nasa ya tsananta" kafin ya sauke nauyin. Yanzu majinyaci yana gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, hotonsa na ranar Sallah yana yawo a Facebook da addu'o'i ɗari uku a ƙasa. Akwai wanda ya farfaɗo daga dogon suma ya nemi wayarsa, ya tarar wanda ke bin sa bashi ya rubuta cewa ya yafe masa duniya da lahira. Ya ɗauki hoton rubutun ya ajiye.

Manya ma ba su tsira ba, su ne ma aka fi kashewa. A Nuwamba 1989 aka sanar wa Nijeriya cewa Dakta Nnamdi Azikiwe ya rasu, har aka kafa kwamitin jana'iza, mutumin yana zaune da ransa. Sai 1996 ya cika. Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana 100 yana jinya a Landan a 2017, aka kashe shi a waya ba sau ɗaya ba. Da ya dawo sai aka ce ai ba shi ba ne, wani Jibrin ne daga Sudan. Wato irin labarin ƙaguwa, amma a juye: an yarda da katantanwar, na cikinta ne ake musu. Sai da ya tsaya gaban 'yan Nijeriya a Folan a Disamba 2018 ya tabbatar musu shi ne da kansa. Gwanin wannan fage kuwa Paul Biya ne na Kamaru. A Yuni 2004 aka baza cewa ya mutu a Turai, ya sauka a Yawunde ya ce masu ɗokin jana'izarsa su tara nan da shekara ashirin. Shekara ashirin cif, a Oktoba 2024, aka sake bazawa, har gwamnati ta hana 'yan jarida tattauna lafiyarsa. Ya sake sauka daga jirgi yana ɗaga hannu.

A tsakar gidan Alhaji kuwa an wuce maganar mutuwa an shiga ta gado. Mai maganin gargajiya na bayan layi ya zo gaisuwa, ya yi "sai haƙuri" sau ɗaya, ya ce in ba za a yi komai da ƙoƙon bayan ba, shi yana da buƙata. Maƙwabciya ta ce ita ramin take so a cike, don katangarta ce yake ci. Yara suna gardamar wanda zai gaji kwanon ɓawon kankana ya ba akuyarsa. Ko a nan ƙaguwa ta riga mu. Masu bincike daga jami'ar Tufts sun nuna a 2010, a wani ɗan tsibiri na ƙasar Beliz, cewa in sabuwar katantanwa ta samu, ƙaguwoyi layi suke yi daga babba zuwa ƙarama, babba ta shiga sabon gida, mai bi mata ta faɗa wanda ta bari, har zuwa ta ƙarshe. Bambancin kawai, su suna bari mai gida ya fita tukuna.

Abin mamaki, Bahaushe ya fi kowa sanin dabbar da ke likimo. Shi ne ya ce barci ƙanen mutuwa. Shi ne ke tona busasshiyar fadama da rani ya fito da gaiwa, kifin da ke naɗe kansa cikin wata jaka ta yauƙi a ƙarƙashin laka, ya bar 'yar kafar shan iska, ya yi watanni ba ruwa ba abinci. A ɗauko ta kamar guntun itace, a jefa a ruwa, ta warware. Kwaɗin da ke cika dare da kuka bayan ruwan farko ba daga gajimare suka faɗo ba, a ƙasa suka yi rani. Kowane yaro ya ji labarin Ashabul Kahfi da shekarunsu 309. Ilimin yana nan, haƙurin ne salula ta cinye.

Gane kunkuru mai rai kuwa ba ya buƙatar Faransanci. A taɓa ƙafar baya a hankali, mai rai zai ƙara janye ta ciki. Wanda ya mutu ba ya riƙe komai, wuya da ƙafafu sakwaf suke zubowa, ido ya faɗa. Ana iya kara gashin kaza a hancinsa a jira, domin numfashinsa jefi-jefi ne. Tururuwa da ƙuda sun fi kowane likitan fada gaskiya, kuma a zafin Dakoro wari ba ya kwana biyu bai yi sallama ba. Kunkurun da ke ƙunshe ƙam a cikin ƙoƙonsa ƙarfi yake amfani da shi, gawa kuwa ba ta da ƙarfi. In an ga alamar ciwo, kamar majina a hanci ko kumburin ido, wannan aikin likitan dabbobi ne. Shi ma Alagba, kunkurun fadar sarkin Ogbomoso da aka ce ya shekara 344, lissafin da masana suka yi wa kallon shakka, sai da ya yi 'yar jinya kafin fada ta sanar da mutuwarsa a Oktoba 2019.

Wadda ta ceci kunkurun Alhaji tsohuwa ce, mahaifiyarsa, wadda ba ta da salula. Ta fito da sanda, ta sunkuya, ta shinshina, ta miƙe.

"Ku maida shi inda kuka ɗauko shi. Kai kuma," ta nuna mai magani da sanda, "ka tafi da buhunka."

Aka mayar. Ƙanwar Alhaji ta iso daga Kornaka da jajayen idanu, aka yi mata bayani, ta zauna ta yi shiru, sannan ta nemi a biya ta kuɗin kabu-kabu, zuwa da komawa. Ba wanda ya koma WhatsApp ya gyara labarin, domin gyara ba shi da masu turawa gaba.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Yuni da daddare. Da asuba Hajiya ta fito alwala ta tarar da marigayin a tsakiyar fangalin yakuwarta, ya cinye rabi, yana kallonta yana tauna. Har yau akwai dangi a Agadas da ke sa shi a addu'a, kuma ƙanwar Alhaji ba ta karɓi kuɗin komawarta ba.