Gari Duk 'Yan Wasa, Wa Zai Yi Kallo?

Duk taron marubuta da za a yi a Kano, sai wani dattijo ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi wa wasan kwaikwayo ta'aziyya. Ina zamanin da 'yan makaranta ke hawa dandamali da Wasan Marafa na Abubakar Tunau? Ina Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi? Ina Samanja da Ƙasimu Yero, waɗanda ke tara unguwa guda a gaban talabijin ɗaya baƙi da fari? Sai zaure ya ɗauki "Allah ya ji ƙan mazan jiya", a raba lemo a watse. Ni ma ina cewa amin, amma ban yarda an yi rasuwa ba. Wasa yana nan da ransa, gida kawai ya sake. Ya sauko daga dandamali ya shiga gari, kuma tun da ya shiga bai bar mutum ɗaya a kujerar 'yan kallo ba.

Ni kaina ɗan wasa ne, kuma ba da son raina ba. Sana'ata gina wa mutane shafukan intanet, aikin da ba ya bukatar komai sai kwamfuta da wuta da data da haƙuri, musamman haƙuri da wutar. A ɗakina nake yinsa, da singileti, kuma alhamdu lillahi ana cin abinci. To amma a unguwarmu aikin da ba a ga fitarka ba, ba aiki ba ne. Akwai wani dattijo a majalisar ƙofar masallaci, duk sanda na gaishe shi sai ya riƙe hannuna ya rage murya: "Ɗana, har yanzu shiru ko? Ka daure, komai lokaci ne." Wata maƙwabciya ta aiko wa maiɗakina kwanon masara cikin sirri, wai kada in ji kunya. Matasan layi kuwa sun yanke nasu hukuncin: mutumin da ba ya fita, kuma ga shi ya sayi sola, ai sai dai a yi shiru kawai.

Da abin ya kai ga surukata ta fara tambayar 'yarta ko "Malam ɗin yana neman wani abin yi kuwa", sai na rubuta wa kaina wasa. Da safe in saka shadda mai guga, in rataya jaka, in tari Adaidaita Sahu a daidai inda majalisa za ta gan ni, in tafi shagon abokina in zauna a benci in yi aikin da zan yi a gida kyauta. Bayan la'asar in dawo da fuskar wanda ofis ya gajiyar, ina tsaki ina cewa "yau an sha taro". Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar nan yake cin wani kaso mai tsoka na abin da nake samu. Amma riba ta fito: yanzu sunana Injiniya, kuma an fara sa ni a kwamitin gyaran kwata.

Sau ɗaya tak aikin intanet ya yi daraja a layinmu, a 2024, lokacin da Notcoin, kuɗin intanet ɗin nan da ake tarawa da dangwalar waya, ta fashe aka ji wasu sun kwashi kuɗi. Nan take gari ya koma maining. Mai shayi yana juya ƙwai da hannun dama yana dangwalar waya da na hagu. A sahu, kafin a tayar da iƙama, kana jin ƙas-ƙas-ƙas daga cikin aljihun jallabiya. Dattijon nan da ke min jaje ya ja ni gefe: "Injiniya, kai da ka san kan abin, wai yaushe Hamster za ta fashe?" Hamster ɗin, wadda ita ma irin Notcoin ce, ta fashe a watan Satumba, kuma abin da ya faɗo wa da yawa bai biya kuɗin cajin da suka kashe ba. Washegari kowa ya zama bai taɓa yi ba. "Ni dama yara ne suka saka min a waya." Ko Ibro, Allah ya gafarta masa, bai iya sauya fuska da sauri haka ba.

Inda abin ya fi ɗaure min kai shi ne harkar lada. Mun taso ana koya mana cewa sadakar da hannun hagu bai san dama ya bayar ba ita ce gangariya. Yanzu hannun hagun shi ke riƙe da waya. Da azumin da ya wuce na tsaya kallon wani Alhaji yana rabon shinkafa a ƙofar gidansa. Wata tsohuwa ta karɓi nata ƙullin, ta yi godiya, ta juya, sai yaron da ke ɗauka ya ce, "Iya, dawo, rana ta haske hoton." Ta dawo da ƙullin, aka sake ba ta. "Iya, ki ɗan ɗaga kai, ki faɗi sunan Alhaji cikakke." Ta faɗa, har da ƙarin lakabin da ba a ce ta faɗa ba, don ita ma ta gane aikin. A karo na uku ta haɗa da hawaye. Alhaji ya ji daɗi ya ƙara mata taliya. Ni dai ban san yadda mala'iku ke rubuta irin wannan ba, ko lada uku ne, ko kuwa na farkon ma an soke. Wannan fatawar na bar wa malamai, idan sun samu sarari daga raddin da ɗalibansu ke yanko musu daƙiƙa talatin-talatin a TikTok.

Ku tuna a 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina alƙaryar shirya fina-finai a Kofa, cikin jihar Kano. Aka yi ca daga mumbari zuwa rediyo, har aka janye maganar. Masu adawa sun kawo hujjojinsu, ba kuma yau zan tayar da tsohon zance ba. Abin da na lura da shi kawai, alƙaryar da aka hana a Kofa yanzu tana aljihun kowa, har da na waɗanda suka fi ɗaga murya. Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, tana fama da 'yan Kannywood, amma wa zai tace ɗaurin aure, da ta'aziyya, da mai ɗawafi yana gaida "masoyana na gida" kai tsaye?

Saura wasa ɗaya mai gaskiya, shi ne tashe. Daga goma ga azumi yaro zai manna gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki, ya fito a malami ko attajiri, kowa ya san ƙarya ce, shi ma ya sani, a yi dariya a ba shi hatsi ko 'yan canji, ya je gida ya cire gemun. Nalako, sarkin gwauraye, ya zagaya da tawagarsa ya tone asirin gwauraye. Shi kuma tashen nan ne 'yan sanda kan dakatar a 'yan shekarun nan, saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya. Masu gemun da ba ya cirewa kuwa babu mai dakatar da su.

Manyan 'yan wasa dai suna siyasa. Kunna rediyo da dare ka ji sojojin baka: mutum zai rantse da kabarin kakansa cewa maigidansa ne kaɗai ya rage mai tsoron Allah a jihar nan. Bayan wata biyu ka ji murya ɗaya, karin magana ɗaya, rantsuwa ɗaya, sunan maigida kawai aka sauya, kakan kuma yana kwance bai ce komai ba. A taron sauya sheƙa wannan ya jefar da jar hula ya ɗauki tsintsiya, wancan ya jefar da tsintsiya ya ɗauki jar hula, kuma idan ka ƙura wa hotunan ido za ka ga wasu fuskokin ba sa fashin kowane taro.

Wani Honorabul ya taɓa ba ni aikin shafinsa. Ya ce yana son "irin na Turawa, wanda in an taɓa yake motsi". Na ce a turo hotunan ayyuka. Yaronsa ya turo min rijiyar burtsatse guda ɗaya, an ɗauke ta ta gabas da yamma da kudu da arewa, kowane hoto da sunan mazaɓa daban. Na ce, "Ranka ya daɗe, akuyar nan mai baƙin kunne ta fito a duka huɗun." Ya ce, "To Injiniya, me ake biyanka? Goge akuyar." Na goge akuya. Maganar biya kuwa, "ka same ni a gida bayan isha'i". A ƙofar gidan na tarar da layin 'yan wasa da suka fi ni ƙwarewa, kowa da takardarsa: mai takardar asibiti da ta sha ninki har ta yi laushi, da wanda matarsa ta haihu karo na biyu a shekarar. Ni da na zo da takardar kuɗin aiki na gaske, ni kaɗai mai gadi ya yi wa kallon maroƙi.

Kwanan baya sai ga kiransa, murya garau kamar ba mu da wata tsohuwar magana. Ya koma wata jam'iyya, yana so a sauya launin shafin gaba ɗaya, a kuma sauya masa hula a duk hotunan, har na wajen rijiyar. Na ce an gama, ranka ya daɗe, sai dai akwai ragowar kuɗin aikin farko. Ya yi dariya har da tari.

"Haba Injiniya! Ai wancan bashin tsohuwar jam'iyya ne. Su za ka bi."