Baƙon da Ba Ya Kwana

Masu hannu da shuni a garuruwanmu sun gaji da Dubai. Abin da ya ɓata ta shi ne kowa ya je, har yaron shagon Alhaji ya je saro wayoyi ya dawo yana ba da labari a majalisa. Saboda haka yanzu duk wanda yake son a san ya fita daga sahun ƙananan masu kuɗi, sai ya nemi bizar Shengen, ya biya Yuro 90, ya hau jirgin sama zuwa Basalona ko Janowa, a can ya shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa. Otal ne mai hawa goma sha wani abu da aka ɗora a kan teku, da gidajen abinci da kantuna da wuraren ninƙaya. Yana tafiya cikin dare mutane na barci, da safe ya yada zango a wani gari, kafin magariba ya ƙara gaba. Irin su MSC World Europa, wanda aka girke a Doha ya zama masaukin 'yan kallo lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, suna ɗaukar fasinja sama da 6,000, ban da ma'aikata. Mutumin da a gida ba ya yarda ya matsa kusa da dam ɗin Tiga, shi ne zai kwana bakwai a tsakiyar Bahar Rum yana turo hoto.

Kuɗinsa ne, ya yi yadda ya ga dama da su. Ni irin zumuncin da jirgin ya haifar ne ya ja hankalina.

Wata uku kafin tafiya Alhaji zai shiga zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, waɗanda suka gama sakandare shekara talatin da suka wuce, ya rubuta cikin ƙanƙan da kai: "Jama'a, wa muke da shi a Italiya ne? Zan ɗan biyo ta wajen." Kowa ya san ba amsa yake nema ba, so yake a ji. Mutum ɗaya ne a Italiya, wanda suka yi gado sama da ƙasa a ɗakin kwanan makaranta, wanda ya bar ƙasa tun zamanin Abacha, kuma lambarsa na cikin wayar Alhaji duk shekarun nan ba a taɓa danna ta ba.

Shi kuwa na Italiya, da ganin saƙon gabansa ya yanke ya faɗi. Ya san baƙon gida: kwana uku a baki, wata uku a falo, ga kuɗin wuta da na gas suna hawa, ga mai gidan haya yana ƙirga takalman da ke bakin ƙofa. Ya kira a ɗarare.

"Mutumina, kwana nawa za ka yi mana?"

"Ai babu kwana. Jirgin ruwa ne, ƙarfe takwas mu iso, shida na yamma mu tashi."

Nan take muryar ta washe. "Haba Alhaji! Wannan ai cin fuska ne. Shekara talatin ba mu haɗu ba, ka zo har ƙasar da nake ka ƙi kwana a gidana? To ni dai ban yarda ba." Yana faɗa yana hamdala a zuci.

A nan daɗin abin yake. An ce baƙo raɓa ne, amma kowa ya san akwai raɓar da ke kaiwa azahar ba ta bushe ba. Wannan baƙon kuwa kyaftin ne ya tsaya masa: komai daɗin hira, ƙarfe biyar da rabi yana cikin jirgi. Mai masauki zai iya roƙonsa ya kwana har da rantsuwa, babu abin da zai same shi. Baƙon ma zai iya cewa "da so samu ne in yi mako" ba tare da tsoron a ce masa bismillah ba. Ban san wata hanya da mutum biyu za su yi wa juna karamci mai yawa haka a kan araha ba.

Sai dai awa goman da aka rubuta a takarda, a takardar suke. Kamfani ya ce za a tsaya a birnin Rum, amma Rum ba ta bakin teku. Jirgin a Cibitabekiya yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin. Haka suke sayar wa mutane Faris alhali tashar da za a sauke su tana wajen kilomita 200 daga can. Sai an bi layi an fito, an hau bas ɗin cikin tasha, an nemi jirgin ƙasa da zai ci awa guda da 'yan mintoci, in ma ranar ma'aikatansa ba su shiga yajin aikin da suka saba ba. Kuma abokin da shekara da shekaru ake cewa "yana Rum", ashe a wani ɗan gari yake can bayan birni, inda haya ke da sauƙi. Kafin a je a dawo hanya ta cinye rabin zumuncin.

Don gudun haka ne mai masauki ya ɗauki hutun kwana ɗaya, wanda za a cire a albashinsa, ya zo tarya har bakin tasha. Ya tsaya yana kallon dubban mutane suna kwararowa, yana neman wani siririn yaro mai gashi wanda yake buga lamba bakwai. Alhaji ma yana neman fuskar da ke kan hoton WhatsApp, bai san hoton ya girmi autan mai shi ba. Sau biyu suna wuce juna. Hular zanna ce ta raba gardama, don a duk tashar ita kaɗai ce.

"Shege! Kai ne wannan?"

"Ɗan banza, ba ka canza ba ko kaɗan!"

Ƙarya ta farko ke nan, kuma ita ce mafi tsarki a cikin duk waɗanda za su biyo baya. Ɗaya ya yi tumbin da sai da suka karkace kafin rungumar ta yiwu, ɗaya sanƙo ya kai masa ƙeya, dukansu biyu gemun ya sha baƙin rini jiya da daddare.

Daga nan sai gasa. Motar da aka zo tarya da ita tana ƙyalli, amma mai ita ya kasa gano inda ake kunna na'urar sanyi, kuma a kujerar baya akwai kujerar jariri alhali ƙaramin ɗansa yana aji uku na sakandare. Alhaji ya gani, ya yi shiru, don shi ma yana da nasa. Tun a hanya yake bayanin ɗakinsa "mai kallon teku", bai ce tagar ba ta buɗuwa ba, bai kuma ce daren jiya a banɗaki ya kwana yana amai saboda igiyar ruwa ba. Na Italiya ya ce yana "harkar sufuri", wato loda kaya a sito. Alhaji ya ce yana "ɗan taɓa kwangila", wato shekara biyu yana bin gwamnatin jiha bashi.

A gida uwargida ta fito da fara'a. Tun asuba take tsaye a kicin.

"Sannu da zuwa Alhaji, ya hanya? Ya Hajiya da yara?"

"Lafiya lau, amarya. Hajiya tana gaishe ki, ta so zuwa, jiri ne ya hana ta."

Hajiya tana can hawa na goma sha biyar ana yi mata tausa, ta ce ita ba ta biya kuɗin teku don ta je gidan mutane ta zauna a tabarma ba. An kira yara su gaida Baffa. Suka fito da waya a hannu, suka ɗaga masa yatsu, suka ce wani abu da Italiyanci, suka koma. Uban ya ce ai suna jin Hausa sarai, mayarwa ce ba sa yi. Alhaji ya ce haka yaran zamani suke, ya adana labarin don majalisa.

Sai batun tsaraba. Wata uku ana maganar kilishin nan, har uwargida ta yi wa maƙwabciyarta 'yar Gana alkawarin ɗanɗano. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce kwastan sun ƙwace a filin jirgi. Dokar gaskiya ce, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje, don haka ba mai iya ƙaryata shi. Sai dai duk wanda ya matsa kusa da shi zai ji ƙamshin yaji da ƙuli, kuma an san abincin jirgi, duk yawansa, ba ya da barkono.

Aka kawo tuwon semo da miyar kukar da aka yi wata shida ana tattalinta a firiza. Alhaji ya riga ya yi karin kumallo sau biyu a jirgi, don an ce masa duk yana cikin kuɗin da aka biya, shi kuma ba ya barin haƙƙinsa. Yanzu ga malmala uku a gabansa, ga mai gida yana cewa "ci mana, ko mun zama baƙi ne?" Yana ci yana lissafin abincin ranar da ake rabawa can a jirgi ba da shi ba.

Hirar da aka yi shekara talatin ana tarawa, minti arba'in ta ɗauka. An fara da matattu, kamar yadda aka saba: wane ya rasu, wane ma, af, ba ka ji ba? Aka yi musu addu'a. Aka tuna malamin lissafi da dorinarsa, da ranar da aka kama su sun tsallake katanga sun tafi sinima, labarin da kowannensu ya ba da shi yadda shi ne jarumin. Aka zagi masu mulki, aka tambayi nawa Yuro take a kasuwar Wapa. Daga nan shiru ya sauka. Kowa ya jawo wayarsa, aka jeru aka ɗauki hoto, aka tura zaure da taken "zumunci a ƙafa yake". Sauran rabin awar suka ɓata wajen duba wa ya yaba, wa ya gani ya yi shiru.

Wajen ƙarfe biyu iska ta juya. Kowannensu ya zo da buƙata a aljihu. Na Italiya ya lissafa cewa mai iya hawa irin wannan jirgi ba zai rasa miliyan biyar da zai ranta masa ya ƙarasa ginin da ya tsaya a linta a gida ba. Alhaji kuma ya lissafa cewa mai karɓar albashi da Yuro ba zai kasa riƙe masa babban ɗansa da ya gama digiri yake zaune ba. Kowa ya hango tambayar a idon ɗan'uwansa, sai aka shiga rige-rigen kukan talauci. Mai harkar sufuri ya ce Turai ta mutu, haraji ya gama da su, motar ma ta aro ce. Mai kwangila ya ce ai tafiyar nan ma suruki ne ya biya, shi bin Hajiya kawai ya yi. Mutum biyun da da safe suke gasar arziki, kafin la'asar sun koma gasar tsiya, kuma a wannan zagayen ne kawai aka faɗi gaskiya. Aka tashi canjaras, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya hana.

Saura sallama, kuma ita ce mai haɗari. Sallamarmu hawa-hawa ce: ta falo, ta bakin ƙofa, ta matakala, ta jikin mota, sannan uwargida ta tuna ba ta ɗauko saƙon Hajiya ba, mai gida kuma ya ce ai ba a tafi ba a yi salla ba, a haɗa azahar da la'asar tunda matafiyi ne. Alhaji ya duba agogo ya ce akwai lokaci. A ransa jirgin nan motar tasha ce, wadda in fasinja ya zagaya bayan gida direba zai yi ta danna oda yana zagi amma ba zai tafi ba. Ai sun ga sunansa, sun san bai dawo ba.

Sun sani kuwa, don katin da ake dannawa a ƙofa yana nuna wanda ya fita bai shigo ba. Abin da suke yi shi ne su kira sunanka a lasifika, in fasfonka yana hannunsu su miƙa wa wakilinsu na tasha, su janye tsani. Wanda ya bi yawon da kamfani ya shirya ake jira, ban da wanda ya tafi cin tuwo. A watan Maris na 2024 fasinja takwas na jirgin Norwegian Dawn suka makara a tsibirin Sao Tome, jirgin ya tafi ya bar su. Suka bi shi har Banjul, can ma bai samu tsayawa ba saboda yanayin teku, sai a Dakar suka cim masa bayan kusan mako guda. Waɗannan ma Amurkawa ne da 'yan Ostireliya, masu fasfon da ake buɗe wa ƙofa.

Da mai masauki ya tuna haka, sai ya ga katifa a falonsa. Mutumin da da safe yake rantsuwa sai an kwana, shi ne yanzu yake keta dokar hanya da motar aro, yana cewa "Alhaji yi addu'a". Biyar da minti ashirin da biyar suka iso. Alhaji ya tattare babbar riga ya runtuma, leda a hannu, hula a hammata. Fasinjojin da suka dawo da wuri sun jeru a baranda, don wannan kallo ne da suka saba jira kowace yamma, suna tafi suna fito suna ɗaukar bidiyo. Shi ya ɗauka tarba ce, har ya ɗaga musu hannu.

Daga bakin shinge mai masauki ya ɗaga murya, yanzu da ya tabbata tsani ya ɗauki baƙonsa: "Wannan zuwan bai ƙirgu ba fa! Sai ka dawo ka yi mana wata guda!"

Da daddare Alhaji ya sake shiga zaure, ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ƙara da cewa jibi jirginsu zai tsaya a Marsiliya, ko akwai namu a Faransa? Akwai, mutum ɗaya. Ya karanta, ya yi awa biyu bai ce komai ba, sai da ya bincika a intanet ya tabbatar ƙarfe nawa jirgin ke tashi, sannan ya rubuto cewa in Alhaji bai kwana a gidansa ba, to, a daina ce musu abokai.