'Yar Sharar Bazazzagi

Bawana Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa ka gai da ubangidanka. Na rubuto ne a kan ajiyar da ka bari a gidana yau wata biyar, wato baƙar rigar nan taka mai tiyo a kafaɗa. Kai kana kiran ta rigar nutso, yaran unguwarmu kuwa da suka ga ba ta da hannu sai suka raɗa mata 'yar sharar Bazazzagi, sunan kuma ya bi ta. Tana nan da ranta, amma da ƙyar. Ba don Allah ya haɗa ta da Bakano ba, da tuni an yanka ta an yi wa jaki akumari.

Ka tuna zuwanka? An gama yankan gero, dawa ta sunkuya tana jiran lauje, ka sauka a Dambatta ranar Lahadi kasuwa na ci, da wata jaka da sai da mai baro ya yi nishi kafin ya tura ta. Shekara uku kacal ka yi a Jidda kana kankare gindin jiragen ruwa, amma ka dawo kana magana kamar kai ka haƙa Bahar Maliya. Da daddare ka tara mu a zaure, ka baje kaya a kan tabarma: tukunyar iska, tabarau, takalmin agwagwa, ɗamarar darma, sai ita uwar gayyar. Daga nan aka buɗe makaranta. Bazazzagi dai ko a gidan makoki ya samu mutum uku zaune sai ya ba da lacca.

Gaskiya ɗaya ce, laccar ta yi daɗi, har na riƙe ta fiye da mai ita. Ka ce a cikin rigar akwai jakar iska kamar salka. In mai nutso yana so ya ɗago sai ya danna maɓalli iska ta shigo daga tukunya, in yana so ya nutse sai ya ɗaga tiyo sama ya sake ta. Ka ce a zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na doron ƙasa, iskar cikin rigar ta tsuke ta koma rabi, a mita 20 kuma ta koma sulusi, shi ya sa hannun mai nutso ba ya rabuwa da maɓallin. Ka kawo mana tarihin wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, da suka haɗa na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a 1943, da kuma rigar Fenzy ta 1961 wadda ake saƙalawa a wuya kamar karkiyar shanun huɗa. Liman ya gyaɗa kai, ya ce lallai Zariya birnin ilimi ce. Ni dai na yi shiru, don na san hali.

A ƙarshen laccar ka ɗaga yatsa ka ce duk wanda ya fito daga ruwa bai wanke rigarsa ciki da waje ba, ba mai nutso ba ne, mai neman ajalinsa ne. Mutum fiye da goma ne suka ji ka, ban da yaran da ke leƙe ta taga.

Washegari muka rankaya Dam ɗin Tomas, ɗaya daga cikin madatsun ruwan da aka gina mana a shekarun 1970, wanda albarkacinsa muke cin tumatir da albasa da rani. Masu noman rani suka ajiye fartanya, masunta suka jawo komarsu gefe, kowa ya zo kallon baƙo. Ka ɗaura darmar nan taka duka, irin yadda ka saba a Jidda. Abin da malam ya manta shi ne karatun da ya ba mu da bakinsa: ruwan Bahar Maliya yana ɗauke da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, ya fi na yawancin tekuna kauri, yana tallafe mutum, ruwan dam kuwa ruwan sama ne, ba ya ɗaukar kowa kyauta. Ka saki iska, sai muka ga ka tafi ƙasa kamar an jefa dutsen niƙa. Bayan ɗan lokaci ka ɓullo, laka tun daga gwiwa har ƙeya, wata ciyawa na reto a kunnenka. Aka tambaye ka me ka gani a ƙasa, ka ce duhu. Wani yaro ya ce ai wannan ko a ɗakin kakarsa ana gani, ba sai an sayi tukunya ba.

Kunya ce ta kore ka ko kiran gaggawa ne, Allah masani. Da asuba ka bi motar Kano, ka kwashe sauran kayan, ka bar rigar a rataye a kan dangar karan bayan gida, jiƙe sharkaf, ka ce wa yaro in ta bushe a shigar da ita. Yaro ya ji "in ta bushe", bai ji sauran ba. Ni kuma laifina na yarda da shi, ban leƙa bayan dangar nan ba, don wajen tumaki ne. Hunturu ya zo ya tafi a kanta. Rana ta bazara, wadda a nan takan haura digiri 40, ta karɓi aiki. Sai makon jiya da za a sauya karan danga kafin damina aka kawo mini ita a bakin sanda, kamar mushe.

Baƙin nan nata mai sheƙi ya koma toka-toka a kafaɗar da ta fuskanci gabas. Ƙura ta cika haƙoran zif ɗin aljihu, ko motsi ba ya yi. Ɓera ya ɗanɗana robar bakin tiyo, ya ga ba gishirin kirki a waje, ya bar ta da gatsa biyu. Zanzaro kuwa ya samu gida kyauta, ya yi gini a cikin bakin tiyon har ɗaki biyu. Da na girgiza rigar sai na ji wani abu na ƙara a ciki, kamar tsakuwa a caki. A nan na tuna laccarka. Ka ce duk lokacin da mai nutso ya buɗe tiyo don sakin iska, ruwa na satar hanya ya shige jakar, kuma ba ya fita don kansa. In na teku ne, ya bushe ya bar ƙwayoyin gishiri masu kaifi suna cin jakar daga ciki kamar gara a azara. In na dam ne, ya bar laka da gansakuka da wari. Taka ta haɗa duka biyun, wato ko a Jidda ma waje kawai kake wankewa don idon mutane. Ashe malamin ya daɗe yana cin amanar littafinsa.

Na sa aka kawo jarka uku daga rijiyar burtsatse, kuma ka san a watan Afrilu ruwa ba abin wasa ba ne a garin nan. Uwargida ta tsaya a ƙofar madafa riƙe da ƙugu, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an yi wa riga ɗure ba. Na fara jiƙa ta a baho cikin inuwar darbejiya, na bi zif da maɗaurai da tsohon buroshin haƙori. Garin sabulu ban sa ba, kananzir ɗin da maƙwabcina ya kawo don zif ya saki shi ma na mayar masa, tunda ka ce mai irin na fetur yana cinye roba. Na rushe gidan zanzaro da tsinke. Sannan na danne maɓallin sakin iska, na ɗura ruwa ta bakin tiyo da buta har jakar ta ɗauki kamar sulusinta, na sa baki na hura ta ta kumbura. Kada ka tambaye ni ɗanɗanon da ya biyo baya. Na juya ta sama da ƙasa, na karkata ta hagu da dama don ruwan ya zaga kowane lungu, na kifa ta tiyo na kallon ƙasa na saki.

Abin da ya fito, Bawana, ko marinar Ƙofar Mata ba ta zubar da irinsa. Baƙi ƙirin, da wari irin na majema, har kaji suka watse. A ɗuri na uku ruwan ya fara haske, sai ga farin tsaki-tsaki ya kwanta a gindin baho. Uwargida ta lakata ta ɗanɗana, ta ce gishiri ne tsantsa, ta tambaya ko a adana mata na miya tunda daga ƙasa mai tsarki ya zo. Sau shida na ɗura na zubar, ina jan igiyoyin bawul na kafaɗa da na ƙugu don su ma ruwan ya wanke musu yashi.

Ana cikin haka wani tsohon masunci da ya ga wasanka a Tomas ya biyo da kifin sayarwa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ai gora ce ta masu kuɗi." Shi gorarsa ta fi shekara goma yana kwanciya a kanta da ciki yana ratsa dam, kifin da ya kama yana jefawa a cikinta. Ya ce bai taɓa kwana bai zubar da ruwan cikinta ya ɗauraye ba, bai taɓa kife ta a rana ba don kada ta tsage, in kuwa ya ga ɗan layin tsagewa ko kamar gashi ne, gyartai zai nema kafin ya sake shiga ruwa. Irin gorar nan ce Kabawa suke faɗawa kogin Matan Fada da ita a bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, ba tiyo ba maɓalli. Tsohon bai san Cousteau ba, bai taɓa taka Samarun Zariya ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa. Da na ce masa mai rigar Bazazzagi ne, sai ya ce, "To, ai shi ke nan," ya ɗauki kwandonsa.

A nan zan ɗan ajiye wasa, don mu mutanen wannan yanki ruwa ya taɓa mu inda ke da zafi. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin kwale-kwale ya kife a Dam ɗin Watari da ke Bagwai, ya taso daga Badau, akasarin na cikinsa ɗaliban Islamiyya ne za su Mauludi, aka rasa rai aƙalla 29. Allah ya jiƙan su. Tun daga ranar duk abin da aka ce yana riƙe mutum a saman ruwa ba ma kallon sa da wasa. Kai ka faɗa mana cewa rigarka ba rigar ceto ba ce, ba a yi ta don ta juyo da fuskar wanda ya suma sama ba. Kai ka kuma faɗa mana cewa in gishiri ko yashi ya maƙale maɓallin shigar iska, rigar za ta yi ta cika ba tsayawa ta harbo mutum sama kamar kwalba, iskar da ta narke a jininsa ta taso kamar an girgiza lemo an buɗe. Da na taɓa maɓallin naka, ya shige bai dawo ba sai da na jiƙa shi kwana guda. Da haka za ka ɗauke ta ka koma teku, ka bar mu da zaman makoki da biyan kuɗin mota zuwa Zariya.

Yanzu dai na hura ta tam har bawul ya yi gyatsa, na bar ta ta kwana. Da safe na tarar ta ɗan saki. Na kai ta wajen mai faci na bakin titi, muka danna ta a bahonsa yadda yake yi wa tayar babur, sai ga ƙananan kumfa na fita jere daga gindin tiyo. Ya ɗauko gam da guntun roba zai yi aikinsa, na riƙe masa hannu. Wannan ba ciwon da za a kai wa mai faci ba ne, sai masu gyaran irinta, su buɗe maɓallin su sauya robobin ciki, abin da ka ce ana yi duk shekara, na kuma rantse ba ka taɓa yi ba. Ta bushe a inuwa, na bar mata 'yar iska don bangon jakar kada ya manne da juna, na rataye ta a faffaɗan katako cikin ɗakina, nesa da rumbu da ɓerayensa. Babbar rigata ta Sallah ce ta matsa mata wuri.

Na san abin da za ka ce, wai Bakano ba ya motsi sai da lissafi. Ka faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarka. Jarka uku, buroshi ɗaya, ladan mai faci na bahonsa, kifin da na saya don in rufe bakin tsoho kada labarinka ya kai Kazaure, da hayar rataya ta wata biyar. Ɗanɗanon da na sha a bakin tiyo ban sa masa farashi ba tukuna, ina shawara da Liman. Kuɗin shara kuwa, shekara da shekaru muna gardamar wa zai ba wa, bana 'yar shararka ta raba gardama. Ka zo da su a hannu kafin ruwan farko ya sauka, don da zarar an fara shuka ba ni da lokacin baƙi. In ka wuce haka, tsohon masuncin nan ya riga ya taya, ya ce aljihunanta za su yi kyau da ajiyar ƙugiya.