Malam Mai Tsaki, Gyara Zama

Na gan ka, Malam. Tun daga jin kalmar dambe ka yatsine fuska kamar wanda ya tauna maɗaci. Ka ce duk abin da ke damun mutanen Giyawa, ga tsadar taki, ga albasa ta faɗi a kasuwa, a rasa abin rubutawa sai ƙarti biyu, daga su sai gajeren wando, suna kirɓar juna a cikin keji? To gyara zama. Yau ni da kai ne, kuma babu alƙalin da zai raba mu.

Ka san abin da ya jawo maganar. Da safe a teburin mai shayi, samari goma sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon damben UFC da aka yi a Amurka lokacin da mu nan muke tsakiyar barci. Ɗaya ya yi ihu har ya zubar da shayinsa. Kai kuma ka zo wucewa da carbi a hannu, ka ja tsaki. Na ji tsakin. Na kuma ga yadda ka rage sauri kana satar kallo ta wutsiyar ido.

Ka ce ai shiri ne, irin resilin ɗin da ake fasa wa mutum kujera a ka ya tashi yana murmushi? Je ka faɗa wa Kamaru Usman haka, amma ka tsaya nesa kaɗan. Haifaffen Auchi ne, ya riƙe kambunsa tun Maris na 2019. A watan Agustan 2022 yana kan gaba da maki, saura kamar minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya ɗora masa ƙafa a gefen kai, ya zube ido buɗe bai san inda yake ba. Idan shiri ne, wanda ya shirya ba masoyinsa ba ne.

Ka ce to tunda ba shiri ba ne, dabbanci ne, babu doka? Da a 1993 ka faɗi haka, lokacin da aka fara gasar a birnin Denver, da na ba ka gaskiya, don a lokacin kusan komai halal ne a kejin. Ka makara da shekara talatin, Malam. Yanzu ana auna nauyi, ba a haɗa giwa da ɗan akuya. Kowane turmi minti biyar ne, turmi uku, in na kambu ne biyar. Ba cizo, ba tsone ido, ba duka a ƙeya, ba a kuma taɓa wurin nan da ni da kai muka sani. Wanda ya ji maƙura ta kai masa iya wuya sai ya bubbuga da hannu a sake shi. Na san zaɓukan da ba a bin doka kamar haka.

Au, ka koma cewa al'adar Turawa ce ake cusa wa yaranmu? Innalillahi! A gabashin Sakkwato kake wannan magana, ba ka ji kunyar Gandi ba? Daga wannan ƙasa ta Rabah Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya fito da kalangunsa, ya ɗauki Shago, mutumin ƙasar Bakura, ya kai sunansa cikin waƙa inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Tun kafin a ƙera kejin nan mai kusurwa takwas, mahauta ke naɗe hannu da zare bayan an kawar da amfanin gona, su bi gari gari suna neman wanda ya isa. Mafi yawanmu ba mu taɓa ganin Shago ya kai naushi ko ɗaya ba, amma a tayar da zancen karonsa da Ɗandunawa ka ga dattijo ya gyara hula yana ba da labari kamar shi ya riƙe masa riga. Har sunan ya zama sarauta: yau a gidajen dambe sai ka ji Shagon wane, Shagon wane. Kuma kada ka ce ba ka san waƙar ba. An gan ka a motar Goronyo, direba ya sa ta, ƙafarka tana bin kiɗa a ƙarƙashin babbar riga.

Ka ce jini kawai 'yan kallo ke so? Da jini ne, da mahautar ranar kasuwa ta ishe su, kuma ba a biyan kuɗin ƙofa. Abin da ke ɗaukar hankalin yaran nan shi ne fili ba ya ƙarya. A ƙwallo mutum goma sha ɗaya ne, in an ci ku sai a ɗora wa gola, gola ya ɗora wa koci, koci ya ɗora wa alƙalin wasa. A neman aiki sai an tambaye ka wa ya turo ka. A siyasa sai da uban gida. Amma in aka buga kalangu ka shiga fili, ko aka rufe ƙofar keji, daga kai sai halinka. Naushi ba ya tambayar sunan mahaifi. Yaron da ya gaji da jin "je ka dawo gobe" a ofisoshi, in ya ga wurin da ake ba kowa haƙƙinsa nan take, a fuska ma kuwa, ka ce kada abin ya burge shi?

Shi ya sa labarin Francis Ngannou ya fi naushinsa tafiya. Yaro ne daga ƙauyen Batié a Kamaru, yana haƙar yashi tun bai balaga ba don a ci abinci a gida. Ya ratso ta Najeriya da Nijar, ya keta hamada zuwa Aljeriya da Maroko, ya haye teku, ya kwana a titunan Paris. A watan Maris na 2021 ya kashe Stipe Miocic ya zama sarkin masu nauyi. Kada ka zabura, kisa irin na 'yan dambe nake nufi, mutumin yana nan da ransa. Yanzu ka dubi saurayin da ya wuni yana lodin buhunan albasa a Wurno, ka ce masa ya daina son mai haƙar yashi. Ni ba zan raka ka ba.

Na san inda ka ɓoye babban makaminka. Ka ce addini fa? Malamai sun yi magana a kan dukan fuska, da layu da guraye da wasu 'yan dambenmu ke ɗaurawa, kuma ni ɗalibi ne, ban isa in ja da su ba. Amma ka bar ni in tona maka asiri kaɗan. Ranar da Khabib Nurmagomedov, Musulmin Dagestan, ya maƙure Conor McGregor a Oktoban 2018, bayan McGregor ya daɗe yana yi masa rashin kunya har da taɓa mahaifinsa, wa na ji ya yi kabbara a bayan taro? Khabib ya yi wasa 29 ba a taɓa cinye shi ba, yana gamawa ya faɗi ya yi sujada. Da mahaifinsa ya rasu a 2020, ya yi wasa ɗaya ya ajiye safar hannu, don ya yi wa mahaifiyarsa alkawari. Ɗan dambe mai jin maganar uwa! Faɗi gaskiya, da ka samu irinsa suruki, za ka ƙi?

Ka ce cika bakinsu ne ba ka so? Kai da ka tashi kana jin kirari! Ɗan damben da ya fito fili bai yi tuma ba, bai ɗaga hannu ya faɗi ko shi wane ne ba, ai 'yan kallo ma sai su ce a mayar musu da kuɗinsu. Sharaɗin dai shi ne baki ya yi daidai da hannu. Israel Adesanya, haifaffen Legas, sau uku Alex Pereira yana cinye shi, aka yi ta yi masa dariya. A Afrilun 2023 ya shimfiɗe shi a turmi na biyu, ya tsaya a kansa yana kwaikwayon harba kibiya har sau uku, ɗaya ga kowane bashi. Masoyansa ba su gudu lokacin da yake ƙasa ba, jiran wannan rana suke yi. Haka ma a gidajen dambenmu: ɗan Kudu ko ɗan Arewa ko Baguramade, in an kashe gwaninsa yau, gobe shi ne na farko a ƙofa.

Wuri ɗaya zan sakar maka, kada ka ce ban yi adalci ba. Tsofaffin 'yan dambenmu da yawa sun gama da ciwon jiki da aljihu wayam, masu ihun kuwa kowa ya kama gabansa. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne mu 'yan kallo. Kai ba ka ciki, tunda ka ce ba ka kallo.

Me ka ce? In nuna maka inda aka shure Kamaru ɗin, don kawai ka tabbatar? To kunna Xender. Ajiye carbin tukuna, hannu biyu ake riƙe waya.