Badujala Ma Tana Da Kakanni, Alhaji

Na san abin da za ku ce, ku dattawan unguwar Tandabawi ta Makka. "Malam ya rasa abin rubutawa ne? Ga tarihin malamai, ga na sarakuna, sai na 'yan badujala, yaran da ke hana mutane ƙailula?" To Alhaji, ajiye kofin shayin nan ka gyara zama. Ƙarar da kake yi wa tsaki tana iya zama cikin dalilan da suka sa aka yanke maka cibiya kusa da Harami maimakon Sakkwato.

Kana girgiza kai? Bari in jero maka. A 1863 wani Baturen Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su bindiga da kaki, kuma daga wannan 'yar runduna sojan Najeriya ya samo asali. A 1897 aka ɗora wa wani Baturen, Lugga, aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma. A bariki kuwa begila ce agogo: ita ke tayar da soja da asuba, ta kira shi cin abinci, ta sauke tuta da yamma, ganga kuma ta daidaita masa ƙafa a fareti. Da wannan busa aka shiga Kano a Fabrairun 1903, aka shiga Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Waɗanda suka tsira wasu suka zauna Sudan tare da ɗansa Mai Wurno, wasu suka ƙetare Bahar Maliya. Na sani, akwai waɗanda aikin hajji ne kawai ya kawo kakanninsu. Amma ka tambayi tsofaffin gida, wataƙila naka begila ce ta raka shi.

"Ka gani ko! Ai na ce kayan Nasara ne." Yi haƙuri, Alhaji, ban gama ba. Wa ke busa begilar? Da yawan sojojin nan Hausawa ne, har Hausa ta zama harshen bariki, Turawan ma sai da suka koye ta. Kuma ba su yi wahalar koyon busa ba, domin kunnensu ya saba. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya kawo, shi kuwa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wato shekara ɗari huɗu kafin Lugga, muna da dogon ƙarfen da ba a busa wa kowa shi sai sarki, muna da tambari, da farai, da ƙaho, da kugen da ake kaɗawa idan za a yi shelar yaƙi. Malaman jihadi ma, duk da tsananinsu a kan kiɗan shagala, sun bar gangar yaƙi a wurinta. Bature dai ya zo da gajeren kakaki ne da wando iya gwiwa.

Daga bariki abin ya fantsama. 'Yan sanda suka ɗauka, makarantun boko suka ɗauka, 'yan sikawut suka ɗauka. Tsofaffin sojojin da suka dawo daga Bama bayan 1945 suka ƙara cika garuruwa da mutanen da suka san maci. Yau je ka Kano ranar 1 ga Oktoba, ko ranar yara ta 27 ga Mayu, ka ga yaro ya rungumi gangar da ta fi shi girma yana tafe yana taƙama. Je ka lokacin Maulidi ka ga 'yan agaji da ɗaliban Islamiyya a jere, badujala na gaba. Jikokin waɗanda aka ci da yaƙi sun karɓe kayan busar, suna raka yabon Manzon Allah da su. Wa ya ci riba a cinikin nan?

"Mu dai nan Makka ba mu san hayaniya ba." Haba Alhaji, ji tsoron Allah! Mizmar fa? Ganguna na tashi, maza sun yi da'ira ana tafi, biyu sun shiga fili suna juya sanda, a Makka da Jidda da Madina. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Sandar da ke jingine bayan ƙofarka, kada ka ce mini ta korar kyanwa ce.

Saboda haka in Allah ya kai ka gida ziyarar dangi, ka ji 'yan badujala sun doso, kada ka toshe kunne. Fito ƙofar gida ka saka wa mai begila riyal biyar a aljihu, yaron ya fi ka numfashi.